Matan Japan a Misfala

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗan farinta, ita kuwa Bakanuwa ce ta asali. Zaman Makka ya canza mata shayi, ya canza mata dahuwar shinkafa, amma kunyar ɗan fari tana nan yadda ta zo da ita. Idan tana son in sayo gas, Baba take gaya wa, alhali ina zaune a wurin.

"Malam, a ce wa wancan gas ya ƙare."

Baba ya juyo ya dube ni ya ce, "Ka dai ji."

A Misfala, wata unguwa a Makka, aka haife ni, ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Kano, ban dawo ba sai da gemu ya fara tsiro mini. Mu biyu ne a wurin iyayenmu. Ƙanwata a nan ta tashi, Larabci ya fi zama a bakinta, kuma ita ce ke faɗawa jikin Inna ta rungume ta, ta ci abinci a hannunta. Ni daga bakin ƙofa nake gaisuwa. Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba, domin na san wanda ake ajiye wa ƙanzon shinkafa a gidan. Amma da aka yi wa ƙanwata aure aka kai ta Madina, sai gidan ya rasa mai isar da saƙo, in ban da Baba.

Abu biyu Inna ba ta wasa da su. Na farko zuwa Harami da ƙafarta. Kullum sai ta ratsa masu sayar da darduma da ayarin alhazai ta je ta yi sallah, ta dawo tana ba Baba labarin irin mutanen da ta gani. Akwai keken da ake tura tsofaffi da marasa lafiya a kai, wanda a nan muke kira arabiyya. Inna ta tsani abin nan. Ta ce masu hawansa bene ake kai su, su riƙa hango Ɗakin Allah daga nesa kamar baƙi.

"Ranar da kuka ga an ɗora ni a kai," in ji ta, "to ku fara neman likkafani."

Na biyu kuwa abinci. A wurinta zubar da abinci laifi ne ko'ina, amma a Makka ya ninka.

Baba mai tsire ne, abin da mutanen garin suke kira siriya. Da la'asar yake fita, kuma duk abin da ya rage na hanta da ƙoda gida yake dawowa. Shekaru da dama kafin wannan labarin, ciwon da ake kira nigris ya kama shi, mai kumbura babban yatsan ƙafa ya hana mutum taka ƙasa. Likita ya ce wani abu ne da ake kira yurik ya yi yawa a jininsa, ya hana shi kayan ciki da romo da jan nama mai yawa. A lokacin an duba jinin Inna ita ma, aka ce garau yake. Daga nan magana ta zauna a gidanmu cewa nigris ciwon maza ne. Faranti ɗaya suke ci, shi da ita. Duk tsokar da aka hana shi sai ya tura ta gefenta da ɗan yatsa, ita kuma ta cinye don kada a zubar. Na yi shekaru ina kallon wannan turin hantar, har yana ba ni sha'awa.

Wata safiya a cikin Sha'aban Inna ba ta fito ba. Na leƙa daga ƙofa na same ta zaune a kan katifa, ta ɗora ƙafar dama a kan matashi. Babban yatsan ya kumbura ya yi jajir, yana ƙyalli. Ko gefen zaninta ya taɓa shi sai ta cije leɓe.

Na ce wa Baba, "Wannan ai irin naka ne."

Ya yi dariya. "Kai ma dai. Ina mace ina nigris?"

Inna ta gaya wa bango cewa tuntuɓe ta yi. Maƙwabta suka shigo da nasu ilimin, wannan ta kawo man zaitun, waccan habbatus sauda, wata ta ce a ƙunsa lalle. Ciwon ya lafa bayan 'yan kwanaki, Inna ta koma Harami tana ɗingishi, sai kuma ya dawo ya fi na farko. Ga azumi ya matso, ga shi kuma kowace shekara tana yin umarar Ramadan da ƙafarta. Wata maƙwabciya ta ce ai ba komai, bana a tura ta a arabiyya. Inna ba ta ƙara amsa gaisuwar matar da fara'a ba.

Baba ba ya tuƙi, kuma da safe yake yanka nama yana jera shi a tsinke. Ba yadda za a yi, ni na ɗauke ta a tsohuwar motata zuwa wani ƙaramin asibiti a Zahir. Bayan mota ta zauna. Da yake babu mutum na uku, gilashin taga ta riƙa yi wa magana, ni kuma ina amsawa ina kallon titi. Da ma'aikaciyar asibitin ta cika 'yan kwalabenta da jini, Inna ta dubi silin ta ce, "A tambaye ta, duk wannan dubawa za a yi, ko har da na sayarwa?"

Ban tambaya ba.

Washegari muka koma wurin likitar, wata Bamisriya mai saurin magana. Larabcin Inna na kasuwa ne, ya ishe ta ciniki da faɗa da mai tasi, amma na asibiti sai da tafinta, kuma ni ne tafintan. Likitar ta ce yurik ɗin Inna ya hau sosai, nigris ne ba tantama. Na fassara. Inna ta ce wa labule a gaya wa baiwar Allah nan an taɓa dubawa an ce jininta lafiya lau. Na fassara wannan ma. Likitar ta gyaɗa kai, ta ce wancan jinin na wancan lokacin ne. Sai ta tambaya, kamar mai tambayar ƙarfe nawa, ko al'adar wata ta ɗauke wa Inna, kuma tun yaushe.

Wannan kalmar Inna ta san ta, ba ta bukatar tafinta. Ta ja mayafinta ta rufe har hanci, ta zuba wa bango ido. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Likitar ta dube ta, ta dube ni, ta maimaita tambayar da ƙarfi, a zatonta kunne ne ya yi wa tsohuwa nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne na san amsar. Tun dawowata daga Kano na lura akwai kwanakin da Inna ba ta zuwa Harami, Baba ya ce ba ta jin daɗi. A cikin azumi kuma nakan ga kofi da danshi da rana tsaka, in kau da kai. Sai wata shekara, shekarar da aka rushe layinmu na dā muka koma ƙasan unguwa, waɗannan kwanakin suka daina zuwa. Inna ta yi azumi cif, ta yi ta zuwa Harami ba fashi, har wani haske fuskarta ta yi. Ba wanda ya ce komai, amma gida ɗaya muke.

Na dubi takalmina na ce da Larabci, "Ta ɗauke. Ya fi shekara biyar."

Likitar ta ce to shi ke nan. Ta yi bayanin cewa kafin wannan lokacin jikin mace ya fi na namiji iya fitar da yurik, bayansa kuma sai ta fara kamo maza. Ta rubuta magani, ta lissafa abubuwan da za a bari, ta ce a yawaita shan ruwa. Ban fassara bayanin ba, sunayen abincin kawai na faɗa. A hanyar dawowa ko gilashin ma bai samu magana ba.

Ledar maganin a kan firji ta kwana, ta wuni, ta sake kwana. Inna ta daina fitowa falo idan ina nan. Na ji tana gaya wa Baba cewa likitar ba ta da kunya, wanda ya kai ta kuma ya fi likitar. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, don ban san abin da ya kamata in yi ba in ban da wanda na yi. Baba ya tsare ni yana tambayar abin da ya faru, shi ma na kasa gaya masa. Na ce dai jininta ya nuna nigris.

"Ikon Allah," in ji shi. "Jinin da aka ce garau yake? Ba a ƙara mata na wani ba, ba a rage ba. To me ya shiga cikinsa?"

Ni Allah ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi. Shagon gyaran waya nake da shi a Rusaifa, kuma abin da ya kai ni sana'ar ke nan, ba na iya ganin abu a rufe ban buɗe bayansa ba. Tambayar Baba ta bi ni har shago. Bayan azahar, lokacin da kasuwa ke mutuwa saboda rana, na ɗauko waya na shiga karance-karance, daga na Larabci na faɗa na Turanci ina haɗawa da fassara. A haka na ci karo da mutanen Japan.

Ashe jini ba jan ruwa ba ne kawai. Duk abin da jiki ya niƙa, nama ne, mai ne, hatsi ne, yana barin ɓurɓushinsa a ciki, iri-iri barkatai, kowanne da sunansa mai karya harshe. A can Japan akwai masu ɗibar jinin manyan mutane, maza da mata, masu ƙuruciya da tsofaffi, su auna waɗannan ɓurɓushin su jera su gani. Wasu suna hawa idan shekaru suka ja, wasu suna sauka. Wasu tun farko sun fi yawa a jikin maza, wasu a jikin mata. Mata kuma suna da wata kwana a tsakiyar rayuwa, inda abubuwa irin su yurik da maiƙon jini suke ɗagawa. Rabin abin ban gane ba, gaskiya. Amma wanda na gane ya hana ni sakat. Mutanen da kifi da shinkafa ne cimarsu, ba su taɓa jin ƙanshin tsiren Baba ba, su ma jininsu yana shan wannan kwanar. Na dubi jijiyar hannuna ina tunanin ko nawa jinin ya fara tasa tafiyar ban sani ba. Wani mutum ya tsaya a gabana da fasasshiyar waya har ya gaji ya buga tebur.

Ranar na rufe shago da wuri, na tarar da Baba yana shan shayi kafin ya fita. Inna tana kicin a bayan labule, ina jin wuƙa tana sauka a kan katako. Na zauna na ɗaga murya fiye da yadda falon yake bukata.

"Baba, yau na karanta wani abin mamaki a kan matan Japan."

"Japan masu mota?"

"Su fa."

Na kwashe labarin na ba shi, jinin maza daban, na mata daban, na saurayi daban, na dattijo daban. Na ce matan can, idan suka kai shekarun da mace ke samun hutu, sai jininsu ya canza hali, ciwon da a dā na mazansu ne ya fara leƙo su. Ban ambaci kowa ba. Baba ya ajiye kofi, abin ya kama shi da gaske, yana ta tambayar to su mazan fa, su tsofaffin fa. Can na lura wuƙar ta yi shiru.

"Malam," muryar ta fito daga bayan labule, "a tambaye shi. Su matan can, yin kansu ne, ko haka Allah ya tsara?"

Na dubi Baba na ce, "Haka halitta take. Kowace mace ce, ta Japan da ta ko'ina."

"Ba haɗama suka yi ba?"

Sai a lokacin na gane kunyar biyu ce, ta maganar al'ada da ta a ce haɗama ta ja mata ciwo. Na ce, "Ba haɗama ba ce. Sai dai idan an kai wannan lokacin, hanta da ƙoda suna ƙara wa abin wuta."

Baba ya daɗe yana kallon farantin da ke jingine a bango. Ya ce a hankali, "Ashe ni nake tura mata." Ya tashi ya ɗauki hularsa ya fita, bai ƙarasa shayin ba.

Da safe ledar maganin ta bar kan firji.

Daga ranar matan Japan suka tare a gidanmu. Ina karyawa sai in ji, "Malam, a tambaye shi, matan Japan suna cin kaza?" In ce suna ci, kaɗan. "Romon ƙashi fa?" In ce sun bari. Da azumi ya kama aka tambaye ni yaushe matan Japan suke shan maganinsu idan suna azumi. Wannan kam ba ta cikin abin da na karanta, sai da na koma wurin likitar na tambayo, na dawo na ce bayan buɗa-baki, kuma suna shan ruwa sosai har sahur. Baba ya daina kawo kayan ciki gida, wasu magina 'yan Nijar da ke ƙasan benenmu suka gaje su, suna ta sa masa albarka. Ƙanwata ta bugo waya daga Madina, ta ji Baba yana cewa matan Japan yau sun taka har bakin titi, ta ce su waye kuma waɗannan, baƙi muka yi? Baba ya ce eh, kuma da alama sun zo ke nan.

Kumburin ya saɓe, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, kwanciya ta cinye mata ƙarfi. Na so in ce a bar umarar bana. Na rasa ta bakin da zan faɗa, don na san ba a rubuta wannan a kan matan Japan ba, kuma Inna za ta gane ƙarya.

A tsakiyar azumi muka je. Baba ya kwana a bakin wuta, barci ya ɗauke shi, don haka mu biyu ne. Muka ɗauko harami a masallacin Tan'im da ke bakin gari, muka shiga Harami bayan asuba. Shekarun gine-gine ne, ƙarafan ɗaga kaya sun kewaye masallacin, an kuma yi wata gada zagayayya a sama inda masu arabiyya suke ɗawafi. Inna ta ɗaga kai ta dube ta sau ɗaya, ta gyara safarta, ta shiga cikin jama'a a ƙasa. Ina bayanta na buɗe hannuwa ina tare mutane, tsorona kada wani ƙato ya taka yatsan. Ta gama ɗawafinta tsaf, tana ɗan jan ƙafar amma ba ta tsaya ba.

Safa da Marwa ne suka nuna mana iyakarmu. Tafiyar ta fi tsawo, ga hawa a kowane ƙarshe. Tun ana tsakiya na ga tafiyarta ta koma rabi. Wajen ƙarshe, a gindin hawan Marwa, ta tsaya ta dafa ginshiƙi, ta ɗage ƙafar daga ƙasa. Gumi ya jiƙa gefen hijabinta. Masu tura arabiyya idonsu ya fi na kowa kaifi, nan da nan wani ya gangaro da tasa ya tsaya a gabanta yana buga kujerar da tafin hannu.

"Arabiyya, ya hajja?"

Ba ta dube shi ba. Ni kuwa zuciyata ta karye, don na ga ƙafar tana rawa. Ta daɗe tana numfashi. Sannan ta ce wa ginshiƙin, "Su matan Japan, idan ƙafa ta gaza musu a hanya, yaya suke yi?"

Na laluba kaina ban samu komai ba. Na ce, "Ban karanta wannan ba."

Mai arabiyyar ya ƙara matsowa. Inna ta saki ginshiƙin, ta juyo ta dube ni a fuska, abin da ban san ranar da ta yi shi na ƙarshe ba.

"Kai," ta ce. "Matso."

Na matsa. Ta kama damtsena da hannu biyu ta saki nauyinta a kaina. Ashe ba ta da nauyi ko kaɗan. Tafin hannunta da kaushi, da ɗumi, ban san shi ba sai ranar. Na yi wa mai arabiyyar alama da kai, ya juya ya nemi wani.

"A hankali," ta ce. "Ba tsere muke ba."

Muka hau Marwa, muka juyo. Da muka iso wurin korayen fitilu inda maza ke sassarfa, maza suka yi ta wuce mu da gudu, ni ina takawa da takun Inna. Addu'o'inta take yi ƙasa-ƙasa, ni kuma hawaye nake ta yi ina kau da fuska. A haka muka ƙarasa abin da ya rage, ba ta sake ni ba har mota. Kujerar baya ta shiga kamar kullum.

Mun tarar Baba ya tashi yana zaune a falo da carbi. Ya dubi ƙafarta, ya dubi fuskarta, yana tsoron tambaya. Ya daure ya ce, "To, yaya matan Japan?"

Inna ta cire safarta ta ninke.

"Da ƙafarsu suka yi," ta ce. "Ɗana ne ya riƙe ni."

Baba ya juyo ya dube ni, carbin ya tsaya a hannunsa. Inna ta ɗaga labule ta shige kicin. Jim kaɗan muka ji ƙarar murfin firji.

"Malam, a ce wa wancan ƙanƙara ta ƙare."